Yadda Malam Tanimu Ya Ci Bango Huɗu da Yaƙi

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba da tsani ba, ya yi mata launi ba da burushi ba. Bayan haka, ya ku ma'abota hankali da basira, ku gyara zama ku ji ƙissar gwarzo ɗan gwarzo, barde mai nasaba, fitilar unguwar Tudun Wada ta garin Funtuwa, wato Malam Tanimu ɗan Mamman Dogo, wanda ya taɓa yin musu da mai awon auduga tun hantsi har la'asar bai nemi ruwan sha ba. Shi kuwa Mamman ɗan Ilu Gagarau ne, wanda ya tako a ƙasa daga Bakori har Ɗanja don kawai ya shaida wa wani mutum cewa shi ne da gaskiya a wata gardama da suka yi bara waccan. Shi kuwa Ilu ɗan Barmo ne, wanda masu ruwaya ba su riƙe komai game da shi ba sai cewa bai taɓa tambayar kowa hanya ba, kuma a kan haka ya ɓace. Daga wannan tsatso mai albarka Malam Tanimu ya fito, kuma ni da katangarmu take ɗaya da tasa zan ba da shaida cewa bai zubar da gadon gida ba ko kaɗan.

Shekara talatin da uku ya yi yana malamin dabbobi, yana ratsa dazuzzuka da rugage da allurar rigakafi a hannu, har aka yi masa laƙabi da Sarkin Allura, Dodon Bijimai, Mai Ido Ɗaya Tamkar Goma. An ce yakan tsaya a bakin garke ya yi kallo ɗaya ya ce farare kaza, jajaye kaza, baƙaƙe kaza, a ƙirga a tarar haka ne. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida da wannan ido nasa, ya rasa abin ƙirgawa sai kaji bakwai da matarsa guda ɗaya, Hajiya Tabawa, wadda suka shekara talatin da shida tare.

Asalin fitinar kuwa, autarsu Murja ce ta haifi tagwaye a Minna, aka ce Hajiya ta je ta kama mata har a yi arba'in. Ranar tafiya Malam Tanimu ya raka ta tasha, ya sa aka ɗaure mata jaka, ya tsaya a jikin tagar mota ya harɗe hannu a baya irin na manya, ya yi shela da murya mai haiba.

"Kafin ki dawo, Hajiya, zan sa a yi wa ɗakinki sabon fenti. Launin da kike so ɗin nan."

Hajiya Tabawa ta gyara mayafi ta yi 'yar dariya. "Malam ke nan. Ai ba ka san launin da nake so ba."

Direba ya ja mota. Ita ba ta nufi komai ba, kafin su kai Zariya ma ta manta ta faɗa. Amma gwarzon namu ya tsaya a tasha shi kaɗai, maganar ta soke shi inda ƙahon bijimi bai taɓa kaiwa ba, domin ya buɗe baki zai ba da amsa ya tarar babu ita. Ya ji ciwo, ciwo na gaske. Mutumin da ya san launin saniyar kowane Ardo daga nan har Ƙanƙara, a ce bai san abin da matar da ta dafa masa tuwo shekara talatin da shida take so ba! Waya tana aljihunsa, lambar Hajiya ce ta farko a ciki, tambayar kuma ba ta fi kalma biyar ba. Amma jinin Barmo ya motsa. Nan take ya ɗaura ɗamara, ya yi alwashin cewa kafin kwana arba'in zai gano launin da kansa, ya shafa shi a bango huɗu, Hajiya ta shigo ta gani da idonta ta janye maganarta.

Washegari da la'asar ya kira majalisar yaƙi a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, inda dattawan unguwa suke zama kan benci. Waziran suka hallara da carbi da rediyo. Wani ya ce mata duk ruwan hoda suke so, an gama magana. Wani ya ce a shafa ruwan madara, shi ba ya faɗa da kowa. Wani ya ce a zamaninsu farar ƙasa ake yi, kuma ba wadda ta yi yaji a kai. Aka yi ta ka-ce-na-ce har Malam Tanimu ya juya ya tambayi kowannensu, ɗaya bayan ɗaya, wane launi tasa matar take so. Sai kowa ya fara neman hanyar sulalewa. Ɗaya ya tuna bai ba awaki dusa ba, ɗaya ya ce cikinsa na juyawa, cikin ɗan lokaci benci ya zama wayam. Ta haka rundunar taimako ta watse tun ba a buga tambari ba.

Bai karaya ba. Rana ta uku da hantsi ya sa hula, ya hau ingarmarsa ta ƙarfe, wani babur da ya girmi autarsa, wanda ba ya tashi sai an tura shi an yi masa magiya, ya nufi kasuwa, shagon Mudi mai fenti. Mudi mutum ne kakkaura mai sanyin hali, shi ke sayarwa shi ke shafawa, kuma ya ga mazaje da yawa sun shigo shagon nan da ƙarfinsu sun fita a sanyaye. Ya ba Malam kujera, ya miƙo masa katin launuka, ya warware shi a gabansa kamar mafici.

Subhanallahi! Masu ruwaya sun yi saɓani kan adadin rundunar da ta fito daga katin nan, wasu sun ce ɗari biyu, wasu sun ce ba ta ƙirguwa. Sahu-sahu suka tsaya, ruwan toka da 'yan'uwansa goma sha biyu, ruwan ƙasa da zuriyarsa, shuɗi tun daga mai duhun baba har mai hasken da ba za ka rantse shuɗi ne ba, fari kansa iri tara, kowanne da lambarsa da sunansa na Turawa. Sarkin Allura, wanda a duniyarsa launi bai wuce na shanu ba, ya duba dama ya duba hagu, gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula, idon nan mai tamkar goma ya fara ruwa.

"Baba Malam," in ji Mudi, "ka buga wa Hajiya waya mana. Minti ɗaya an gama."

"Ja da baya!" in ji gwarzo. Da baburinsa yake, amma shi kansa ma ya bi umarnin. Wannan ita ce ranar da aka sani a tarihi da Ranar Kati, kuma ba a son tuna ta a gidan.

Kwana tara ya yi yana jinyar wannan rauni, yana zagaya tsakar gida, kaji na kauce masa. A rana ta goma basira ta sauko masa yana cikin shan koko. Ya ce da kansa, wanda yake son sanin dukiyar makiyayi ba bakinsa yake bi ba, garkensa yake dubawa, garken mace kuwa akwatinta ne. Ya ajiye ludayi. Ya shiga ɗakin Hajiya da sanɗa, ko da yake ba kowa a gidan sai shi, ya durƙusa gaban babban akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, gwiwoyinsa suka yi ƙara irin ta tsohuwar ƙofa, ya jawo shi ya buɗe. Ƙamshin kafur da turaren wuta ya buge shi.

Ya fito da zannuwa ya jera a kan gado, ya ware su kashi-kashi kamar ranar rigakafi. Ga wasu 'yan tsiraru masu launi barkatai, ya gane su, ankon bukukuwa ne, wasu suka zaɓa ba ita ba, ya kore su gefe. Abin da ya rage kuwa, ya Rabbi! Kore, kore, kore. Atamfa kore, leshi kore, mai ganye, mai zobe, mai tsuntsu, talatin da shida cif, kowanne a ninke a goge, kaifin ninkin kamar yau aka karɓo daga tela. Ya kuma gane su sarai, domin shi ne ya sayo su da hannunsa, kowace ƙaramar Sallah turmi ɗaya, tun Sallarsu ta fari da ya kawo kore ta sunkuyar da kai ta ce madalla, Allah ya ƙara buɗi. Dubi yadda ta adana su! Ko zare ɗaya bai tashi ba. Ya ce ai mutum ba ya tattalin abu haka sai abin da yake ƙauna. Ashe ya sani tun tuni, mantuwa ce kawai ta tsufa. Daɗi ya kama shi har ya miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki, ya ɗaga hannu ya yi kururuwar da ta firgita kaji.

"Kore!"

Ya zaɓi wanda ya fi kowanne sheƙi, ya naɗe shi ya cusa cikin babbar riga kamar mai ɗauke da wasiƙar sirri, ya koma kasuwa a karo na biyu, wannan karon da tuta. Ya shimfiɗa zanin a kan teburin Mudi ya ce irin wannan yake so, ba ƙari ba ragi. Mudi ya dubi zani, ya dubi Malam, ya ce to.

Daga nan aka shiga abin da masana suke kira Zamanin Gauraye, wanda ya ci kwana goma sha ɗaya. Domin kore ma ba ɗaya ba ne. Akwai na ganyen mangwaro, akwai na ɗanyen lemo, akwai tsanwa, akwai algashi, akwai wani mai kama da ruwan kududdufi wanda Mudi ya rantse manyan mutane suna so. Mudi ya zuba fari ya ɗiga kore, ya juya da sanda, ya shafa ɗan faci a bangon Hajiya. Malam ya kara zani ya ce ya yi duhu. Aka ƙara fari, ya ce ya yi haske. Aka dace da safe, suka yi musafaha, kafin azahar fenti ya bushe ya rikiɗa ya zama wani abu dabam, gwarzo ya ce an yi masa zamba cikin aminci. Wanda ya yi daidai da hantsi kuma, da la'asar in rana ta leƙo ta taga sai ya koma kamar miyar kuka. Bango ya cika da faci har ya zama kamar rigar mahaukaci, ashirin da uku aka ƙirga. A faci na ashirin da huɗu Malam Tanimu ya kara zani da safe, ya kara da rana, ya kara da yamma, ya ja da baya taku uku, ya rufe ido ɗaya, ya ce shi ne. Mudi ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala da ƙarfi fiye da yadda ladabi ya yarda.

Sai ranar gwabzawa. Aka fitar da gado da akwati da kabad ɗin kwanuka zuwa tsakar gida, aka shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa, aka jera bokitai uku kamar gangunan yaƙi. Mudi ya ce Baba ya zauna a inuwa ya sa ido kawai. Ina! Jikan Gagarau ya zauna wani ya ci masa gari? Ya tuɓe babbar riga, ya ɗaure wando da igiya, ya naɗe kai da tsohon ɗankwali, ya karɓi burushi mafi girma ya ɗaga shi sama.

"A kawo tsani!"

Aka kawo. Ya hau mataki na ɗaya da taƙama, na biyu da natsuwa, na uku da addu'a, a na huɗu tsani ya yi ɗan motsi, sai ya yanke shawara irin ta manyan kwamandoji cewa sama ta Mudi ce, ƙasa tasa. Ya far wa bangon gabas da sara da suka, fenti na tsiyaya ta gwiwar hannunsa, yana shiga hammata, yana sauka a gemu, bai ja da baya ba. Ya yi kan bangon kudu, a nan ne ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin bokiti har idon sawu, ya fitar da ita da martabarsa, ya ci gaba da fama yana barin sawu kore a bayansa. Wata kaza da ta shigo leƙen asiri ta fita da rabin jikinta kore, 'yan'uwanta suka ƙi ta har mako guda. Shafi ɗaya, shafi biyu, shafi uku, Mudi na bi a baya a hankali yana gyara inda gwarzo ya yi ɓarna. Kafin la'asar ta kwana na biyu bango huɗu suka miƙa wuya. Malam Tanimu ya tsaya a tsakiyar fagen fama, bayansa ya riƙe, gemunsa ya yi tsanwa, kananzir ma ya kasa fitar da shi duka, sai da ya je masallacin Juma'a a haka yana amsa gaisuwa da kai a sama.

Ranar arba'in da ɗaya, bayan azahar, mota ta sauke Hajiya Tabawa a ƙofar gida. Ya tarbe ta da babbar riga sabuwar guga, bai bari ta sha ruwa ba, bai bari ta gama ba shi labarin tagwaye ba, ya wuce gaba ta bi shi, ya kama labulen ɗakin ya yaye da ƙarfi irin na mai buɗe sabon asibiti.

Hajiya ta shiga. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ɗaga kai ta sauke. Sa'an nan ta sunkuyar da kai.

"Madalla, Malam. Sannu da ƙoƙari. Allah ya ƙara buɗi."

Gwarzo ya jira sauran, sauran bai zo ba. Ba guɗa, ba tafi, ba janye magana. Ita kuwa ta zauna a bakin gado ta jawo jakar tafiyarta ta zuge, ta fara fito da kayan da ta yi kwana arba'in tana sawa. Zani na farko ruwan goro ne, ya koɗe don wanki. Na biyu ruwan goro, an yi masa ɗinki a gefe. Na uku, na huɗu, da ɗankwali, da mayafi, har da ɗan zanin da take ɗaurawa in za ta shiga madafa, duk dangin juna ne, duk sun sha jiki sun yi laushi. Malam Tanimu ya tsaya yana kallo, ƙirga na tafiya a kansa ba da izininsa ba. Nan ya gane kuskuren da ko sabon ɗaukan aiki ba zai yi ba: ya ƙirga shanun da aka bari a ruga, ya manta da waɗanda suka tafi kiwo.

"Hajiya," ya ce, muryar ta sauko daga kan doki. "Korayen nan na cikin akwati fa?"

"Au, har akwatina ka shiga?"

"Aiki ne ya kai ni. Na ga duk sababbi ne."

"Ai ina sa su. Ranar Sallah, daga safe zuwa azahar, ka gani ka ji daɗi."

"Shekara talatin da shida! Me ya hana ki faɗa mini?"

"Haba Malam. Ka shigo da leda a hannu kana murmushi har kunne, ka ce ga naki nan, in ce maka me?" Ta sake duban bangon, dariya na neman ƙwace mata, tana danne ta da bakin mayafi. "Waɗancan dai ina ninkewa in ajiye. Wannan kuwa ban san ta inda zan fara ninke shi ba."

Kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi, tare da wani tausayi da bai san inda zai ajiye shi ba. Ya tuna kowace Sallah da ya tsaya yana yaba wa kansa iya zaɓe, ita kuma tana gode masa. Ya zauna a kan akwatin ƙarfen, bayansa ya yi ƙara. Dodon Bijimai, jikan Gagarau, ya yi abin da ba a taɓa ji wani a zuriyarsu ya yi ba. Ya yi tambaya.

"To wane launi kike so?"

Hajiya Tabawa ta saki dariyar gaba ɗaya, har da hawaye. Da ta lafa sai ta ware hannuwa ta nuna zanin da ke jikinta.

"Ɗago ido ka duba mana, Malam. Ga ni a gabanka."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, ya fi daɗewar da ya yi a kan faci ashirin da huɗu.

"Ruwan goro," ya ce a hankali.

"Ka ci," in ji ta.

Sai jinin yaƙi ya sake yunƙurowa. Ya miƙe zumbur ya laluba aljihu, ya ce yanzun nan zai kira Mudi, gobe da sassafe a kawo bokiti uku, a kankare, a sake sabon lale. Hajiya ta ɗaga masa hannu ta ce ya rufa mata asiri, warin wannan ma ya fara sa ta atishawa, a bar shi sai bayan damina, kuma in lokacin ya yi tare za su je shagon, ita za ta riƙe katin. Kafin nan kuwa, tun da shi ne mai son kore, ga ɗaki nan ya samu, ita za ta koma nasa, dama ya fi iska.

Ta tattara zannuwanta ruwan goro ta rungume, ta nufi ƙofa. A bakin labule ta waiwayo.

"Taho mini da filo, Malam. Da fankar nan."

Wannan ita ce ganimar da aka samu a yaƙin bango huɗu. Gwarzo ɗan gwarzo ya saƙale filo a hammata, ya ɗauki fanka, wayarta na jan ƙasa, ya bi matarsa a baya.